Salgar da Muka Haƙa a Bakin Teku

Bari in fara da wautar da na yi tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ranar da Baba ya ce za mu bakin teku wurin Kawu Sale, ban tambayi abin da zai kai mu ba. Teku kawai na ji, na tashi na hau haɗa kaya: gajeren wando, baƙin tabarau, da fararen takalman da aka saya mini da Sallah, waɗanda ko sau uku ban sa ba. Da idona na ga Baba yana loda shebur biyu da diga da bokitai huɗu a bayan mota, na ce a raina, ikon Allah, ashe tsoho ma yana son wasan yashi. Har sanarwa na yi a waya cewa na tafi hutu. Shi ya sa tun da na dawo ban huta ba. A masallaci a tare ni, a kantin kayan miya na titin Gate City Boulevard a nan Greensboro a tare ni: "Nura, ina hotunan?" To ga labarin, sau ɗaya zan ba da shi. Da Hausa na rubuta don kada 'yan ajinmu su karanta.

Kawu Sale ƙanin Mama ne. Yana aiki a wani wurin da ake gyara ƙaguwa da jatan lande a can gabashin jihar nan, ya kuma sayi wani tsohon gida a wani ɗan ƙauye da ke bakin ruwa. Da matarsa, Anti Rabi, ta haifi 'yarsu ta fari, sai ta zo gidanmu a Greensboro don Mama ta kula da ita. Aka ba ta ɗakina, ni kuma aka ba ni kujerar falo. Da aka yi arba'in Kawu ya ce zai zo ya ɗauki iyalinsa, Mama ta ce sam. Ashe Anti ta gaya mata cewa duk lokacin da aka yi ruwan sama, bayan gidansu ba ya haɗiye abin da aka ba shi, dawo da shi yake yi.

"Jaririya ba za ta je gidan da masai ke amai ba," in ji Mama. "A gyara, sannan a zo a yi mini magana."

Baba ya ajiye cokali ya ce, "Kwana biyu kawai nake nema."

Mun tashi bayan sallar Juma'a, mu uku: ni, da Baba, da amininsa Baba Bitrus, mutumin Filato, wanda ke aikin kula da ciyawar filin wasan golf a unguwar Sedgefield. Tun kafin mu wuce garin Raleigh suka fara gardamar wanda ya fi sanin ƙasa.

"Alhaji, ubana kuza ya haƙa," in ji Baba Bitrus. "Dutse muke fasawa. Ku Katsinawa me kuka taɓa haƙawa banda gyaɗa?"

"Salgar gidanmu a Malumfashi gaba takwas ce," in ji Baba. "In ka jefa dutse, sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ka ji ƙararsa. Shekara hamsin ba ta cika ba."

A nan ne na fara zargin cewa ba wasan yashi za mu ba.

Mun tsaya cin abinci a wani ƙaramin gari. Jama'a, akwai wuraren da alade ke mulki a jihar nan. Nama alade, wake da alade, ganyen da aka dafa ma an jefa masa alade don kada ya ji kaɗaici. Baba ya yi wa matar da ke kawo abinci tambayoyi har ta jawo kujera ta zauna. Daga ƙarshe muka tsira da soyayyen kifi da wani abu kamar ƙosai amma na garin masara, mai ɗan zaƙi. Matar kuma duk jimlar da za ta yi wa Baba sai ta kira shi zumarta. Da muka koma mota ya dube ni ta madubi.

"Ba sai uwarka ta ji wannan ba."

Masu tambaya ko mun tsallaka boda, ba mu fita daga jihar ba, amma iyaka akwai ta. Wata doguwar gada ce a kan ruwa mai launin shayi. Kana sauka daga kanta waya ta mutu, ƙasa ta kwanta shamal kamar faranti, ruwa ya cika kwatamin da ke kowane gefen titi, ba ya gaba ba ya baya. Gidaje da yawa a kan ƙafafu suke tsaye kamar rumbu. Kaburbura an danne su da siminti. Duk motar da ta wuce, direban zai ɗaga maka yatsa ɗaya daga kan sitiyari. A Greensboro maƙwabcinmu ya shekara uku bai san sunana ba, a can kuwa kafin mu kai gidan Kawu mun gaisa da rabin garin.

Hanci ne ya fara sanar da mu mun iso. Gidan ɗan ƙarami ne mai kyau, Anti ta shuka tattasai a gaba, amma a bayansa akwai wani fili da ciyawarsa ta fi ta ko'ina kore da tsawo, in ka taka sai ƙasa ta yi maka tsaki. Kawu ya rame. Ya ce sati uku ke nan a wurin aiki yake biyan buƙatarsa, ranar da babu aiki kuma ya tuƙa mota zuwa gidan mai da butarsa a leda.

Ya dafa mana ƙaguwa tukunya guda don karramawa. Baba ya leƙa ya ce shi ba ya cin kunamar ruwa, ya ciro dambun naman da Mama ta ɗaure masa. Ni na gwada. Minti goma ina fasa ƙashi da guduma don in sami naman da bai kai cikin cokali ba. Ban taɓa ganin abincin da ke ƙara wa mutum yunwa ba sai ranar. A falo muka yi shimfiɗa, mu da sauro. Sauron wurin kuwa girman fara ne, kuma ba ya kuka, don ya san ba ka da inda za ka.

Da safe Kawu ya nuna mana matsalar. A ƙauyen babu babban bututun gari da ke kwashe ƙazanta kamar a Greensboro. Kowane gida da tankinsa binne a ƙasa, ruwan tankin kuma yana tsiyayewa cikin ƙasa ta wasu bututu masu huji. Da muka ɗaga murfin, tankin cike yake fal. Kawu ya ce a watan da ya wuce ya kira motar da ke zuƙewa, aka kwashe, ruwan sama ɗaya ya sake cika shi. Mai motar ya gaya masa ƙasar ce ta ƙoshi, ba ta iya shan komai, sai an yi sabon aiki a kan tudun yashi, shi kuma sai da izinin hukumar lafiya, wanda ke ɗaukar watanni.

"Izini?" in ji Baba. "Don mutum ya zaga a gidansa?"

"Haka dokarsu take, Yaya."

"Dokarsu ta zauna nan ta ji warin? Salga za mu haƙa irin ta gida. Mai zurfi. Mu rage mata abin da ke cikin tankin nan, mu rufe ta da siminti, mu kewaye. Rabi ta dawo ɗakinta."

Sai aka shiga zaɓen wuri, kuma wallahi an yi shi da natsuwa. Dole ya zama bayan gida, inda mai wucewa a titi ba zai ga mace ta fito da buta ba. Dole ya zama kusa, don mai jego kada ta yi doguwar tafiya. Dole kuma mai tsugunawa kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Wannan kaɗai ya ci rabin awa, don wayar Baba na nuna gabas ɗaya, ta Kawu na nuna wata, Baba Bitrus kuma yana rantsuwa da rana. Da aka daidaita, Baba ya zana da'ira da diga. Taku goma sha biyar daga da'irar akwai wani ɗan akwati mai rufin kwano. Ni na ɗauka ɗakin kare ne.

Kawu ya sosa ƙeya. "Yaya, wancan fa rijiyar ce. Injin da ke ba gidan ruwa yana ciki."

"Sale, a gidanmu rijiya da salga tsakar gida ɗaya suke, kuma ga ni nan da raina. Zurfi ne maganin. In ka yi zurfi, kowa ya kama hanyarsa."

Kawu ya dubi akwatin, ya dubi Baba. Mijin yayarsa ne, shi ya tsaya masa har ya zo ƙasar nan, ga shi ya tuƙo awa huɗu da shebur saboda shi. Ya ce, "To, Yaya."

Farkon haƙan daɗi. Yashi ne, shebur na shiga kamar cikin tuwo. Baba Bitrus har waƙa yake yi, yana cewa a Filato irin wannan ƙasar yara ake bar wa. Da ramin ya kai gwiwa, yashin ya fara duhu. Da ya kai cinya, dattawa suka tuna cewa suna da ciwon baya, aka ce yaro ya shiga. Na shiga da fararen takalmana, don ba ni da wasu. Shebur uku na yi, na ji sanyi ya ratsa safata. Allah Ya jiƙan takalman nan, ba su sha wahala mai tsawo ba.

"Baba, ruwa."

"Na sama ne da ya kwanta. Kwashe."

Na kwashe bokiti goma, ruwa ya dawo da 'yan uwansa. Ina haƙa ƙasa, gefen ramin na zubowa a bayana. Abin da na fitar da hannun dama, ramin ya mayar da shi ta hagu. Har wata 'yar ƙaguwa ta fito daga bango ta ɗaga mini hannu ɗaya, kamar direbobin garin. Zuwa azahar ramin ya kai ƙirjina, ruwa ya kai cinyata, hannuwana sun yi bororo, ban kuma san inda bayana ya ƙare ƙafafuna suka fara ba. Baba Bitrus ya daina waƙa.

"Alhaji, wannan ba ƙasa ba ce. Kunu ne."

Baba ya leƙa ramin. Ina ganin da ya koma gida ya ce wa Mama ya kasa, gara ya haƙa har China. Ya ce zurfin ya isa a fara da shi, mu rage tankin tukuna, gobe a ci gaba.

Ba zan ba ku labarin bokitan nan dalla-dalla ba, don wasunku na karatu suna cin abinci. Mun ɗaure hanci da tsumma, Kawu na ɗebowa, ni da Baba Bitrus muna kaiwa, Baba na juyewa a ramin. Na daina ƙirgawa a ashirin da wani abu. Akwai gajiyar da in ta kai wani wuri, ko ƙyama ba ka da ƙarfin yi.

Muna cikin haka sai ga maƙwabciyar Kawu, wata tsohuwa baƙar fata mai suna Mis Dora, ta tsallako kwatami da sandarta da tulun shayi mai ƙanƙara. Ta haura tamanin, a gidan da take ciki aka haife ta. Ita ke koya wa Anti Rabi shuka, Anti kuma ta koya mata yajin daddawa. Ta zo tana murmushi tana tambayar jaririya. Sai ta ga ramin, ta ga bokitin hannuna, ta juya ta ga ɗan akwatin nan. Ta ajiye tulun a ƙasa a hankali.

"Wa ya ce a haƙa a nan?"

Kowa ya dubi Baba, har da ni, Allah Ya yafe mini.

Baba ya yi mata bayani da Turancinsa na zuwa banki. Ya faɗi gaba takwas, ya faɗi shekara hamsin. Ta saurare shi har ya gama.

"A garinku sai an yi nisa nawa ake samun ruwa?"

"Da rani, gaba goma sha biyu ma ba ka gan shi ba."

"To a nan ka gan shi a cinyar yaron nan. Ruwan da ke ramin nan, da wanda ke rijiyar can, da wanda ke tawa, duk ɗaya ne, yawo yake yi a ƙarƙashinmu. Ubana can bakin itatuwa ya yi namu bayan gidan, bai taɓa haƙa ya wuce gwiwa ba, kuma mun sha duka a kan zuba ko ruwan wanki kusa da rijiya."

Baba ya ce da girmamawa, ruwan sama ne da ya kwanta. Ba ta yi gardama ba. Ta karɓi wani kara ta soka a bangon ramin daidai inda ruwan ya tsaya.

"Yanzu lokacin cikowar teku ne, ruwanta na hauhawa. Yau babu hadari. Ku sha shayi, ku dawo nan da awa uku."

Bayan la'asar muka koma. Karan ya nutse, ruwa ya haura shi da kusan taƙi guda, ko ɗigo kuma bai sauko daga sama ba. Mis Dora ta ce mu sake dubawa in teku ta janye. Washegari da hantsi karan na tsaye a busasshen bango, ruwan ya sauka ƙasa da inda yake jiya.

"Ina kake jin ya tafi?" ta tambayi Baba. Muryarta ba faɗa a ciki. "Da ruwan famfon nan Rabi za ta wanke kwalbar yarinyar."

Baba ya dubi karan, ya dubi akwatin rijiyar. Ya cire hula ya mayar. Kawu ya je ya kashe injin rijiyar, ya zauna a kan matakalar gida ya haɗa kai da gwiwa. Baba Bitrus ne ya yi magana.

"Ni ma ban ce komai ba, Alhaji. Shekara tara ina shayar da ciyawa, ban ce komai ba."

Ranar Lahadi ce, motar zuƙa ba ta fitowa sai Litinin, don haka kwana biyunmu ya zama huɗu. Mis Dora ta tafi da Baba Bitrus cocinsu. Ya dawo bayan awa uku da soyayyar kaza a faranti, yana cewa mutum goma sha tara ne duka a cocin, an tsayar da shi ya gabatar da kansa, kuma duk sun riga sun san labarin ramin. Mu kuwa muka tuƙa zuwa gari muka sayo ruwan jarka. Da shi muka sha, muka yi alwala, muka yi wankan da ba ya fitar da komai. Sau huɗu na saɓa sabulu, ina jin kaina kamar yadda nake.

Litinin da safe motar ta zo. Direban, wani ƙato mai jan gemu, ya tsaya bakin ramin ya dube shi, ya dube mu, ya ce shekararsa ashirin a aikin nan, ya ga abubuwa, amma wannan ramin an yi shi da zuciya ɗaya. Ya zuƙe ramin, ya zuƙe tankin, ya ce mu zuba farar ƙasa mu cike. Ban san cewa cike rami ya fi haƙa shi wuya ba sai ranar. Yashin da muka fitar ya jiƙe ya yi nauyin siminti, kuma bai isa ba, kamar ramin ya ci rabi. A wannan karon Baba bai tuna da ciwon baya ba. Ya karɓe shebur daga hannuna ya ce in je in zauna. Shi ya cike shi har sama, rigarsa ta manne a jikinsa.

Kawu ya je ofishin lafiya na yankin, ya faɗi gaskiyar abin da muka yi. Wani ma'aikaci ya zo ya ɗebi ruwan famfo a 'yar kwalba. Ya ce kada a sha, kada a yi girki da shi har sakamako ya fito. Ya kuma ce da irin tankin nan, mai yiwuwa rijiyar ta daɗe da lalacewa tun kafin mu zo. Kawu ya yi saurin fassara wa Baba wannan, ko da yake Baba ya ji da kunnensa.

A hanyar dawowa babu gardamar kuza, babu ta gyaɗa. Na yi barci tun daga gadar nan, ban farka ba sai da muka sauke Baba Bitrus. Da muka shiga gida, akwatunan Anti Rabi biyu na jere a bakin ƙofa, an ɗora kwandon jaririya a kai, ta yi lalle, ta yi kitso. Mama ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Sannunku da hanya. An gyara?"

Na zuba ido in ji ta inda Baba zai ɓullo, don na san shi, ko taya ce ta fashe sai ya nuna laifin titi ne.

"Ba a gyara ba," ya ce. "Na ƙara ɓatawa. Sale ya gaya mini, ban ji ba." Ya juya wurin Anti. "Rabi, ki yi haƙuri."

Anti ta ce, "Haba Yaya, ba komai," ta sunkuya ta ja akwati ɗaya zuwa ɗaki. Na ɗauki ɗayan na bi ta. Tana buɗe zif tana share ido da gefen mayafi, ni kuma na tsaya ina kallon bango kamar ban taɓa ganinsa ba.

Bayan sati guda sakamako ya fito, ruwan ba ya shayuwa. An zuba wa rijiyar magani, an jira, an sake gwadawa, har yanzu bai gyaru ba. Ko raminmu ne, ko tsohon tankin ne, babu wanda ya iya faɗa. Takardar izinin sabon aikin tana layi. Kawu yana tuƙo awa huɗu duk Asabar ya koma Lahadi, yarinyar kuma ta shiga wata na biyar, ta fara zama, ba ta taɓa kwana a gidan ubanta ba.